Mudu biyu ake auna baƙar fata da shi a ƙwallon Amurka

Ranar 16 ga Satumban 2018, ƙungiyar Tennessee Titans na gaban Houston Texans da maki 20 da 17, saura 'yan daƙiƙu a tashi. Ƙwallo na hannun Deshaun Watson, baƙar fata da ke riƙe da matsayin kwatabak, wato madugun 'yan wasan Houston. Ya yi nan, ya yi can, yana neman wanda zai jefa wa, agogo kuwa na ta ci. Ko da ya jefa aka cafe, lokaci ya riga ya ƙare. Wauta ce, babu mai musu. A ƙarƙashin labarin wasan da jaridar Houston Chronicle ta sa a Facebook, wani mutum ya rubuta cewa idan ana neman yanke shawara daidai, ba a dogara da kwatabak baƙar fata. Mai rubutun ba ɗan tasha ba ne, shugaban makarantun gwamnati ne na wani ƙaramin yanki a jihar Texas. Da ƙura ta tashi sai ya ce ai ya ɗauka saƙon sirri yake turawa. Bai kai ƙarshen watan ba ya ajiye aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne uzurin nasa. Wato da a sirri maganar ta tsaya, da shi ke nan.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙwallon Amurka ɗan uwan zari-ruga ne, kuma kwatabak shi ne madugu. Shi ke karɓar umarnin koci, ya sanar da sauran 'yan wasa goma, ya dubi yadda abokan hamayya suka jeru, ya sauya dabara idan ta kama, sannan cikin daƙiƙa biyu ko uku ya zaɓi wanda zai jefa wa, alhali ƙarti na rugowa su danne shi. Aikin kai ne da jagoranci. A nan gizo ke saƙar, domin shekara da shekaru masu ƙungiyoyin NFL, babbar gasar wasan a Amurka, sun yarda baƙar fata ya yi gudu, ya yi tsalle, ya yi karo, amma ba su yarda ya yi tunani a madadin fararen fata ba.

Tarihin a rubuce yake. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a gasar. A 1968 Marlin Briscoe ya samu damar jan ragamar Denver Broncos, ya yi jifa 14 da suka kai ga ci a shekararsa ta farko, amma bai sake riƙe matsayin ba. Sai da ya koma mai cafe ƙwallo sannan ya ci abinci a wasan, har ya ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, sau biyu da Miami. Warren Moon ya zama gwarzon Rose Bowl, babban wasan jami'o'i, a 1978, amma da aka zo zaɓen sabbin 'yan wasa ƙungiyoyi suka yi ta zagaye babu wadda ta kira sunansa. Ya tsallaka Kanada, ya ɗauki kofin ƙasar sau biyar a jere da Edmonton, kafin Houston ta ɗauko shi a 1984. Shekara shida na ƙuruciyarsa sun tafi wajen tabbatar da abin da kowa ya riga ya gani. Doug Williams ne ya fasa ƙofar a Janairun 1988, ranar da ya jagoranci Washington ta lallasa Denver 42 da 10 a Super Bowl.

Za a ce ai wannan tsohon zance ne. A makon farko na kakar 2024, ƙungiyoyi 15 cikin 32 baƙar fata ne madugansu. A Fabrairun 2023 Patrick Mahomes da Jalen Hurts suka kara a Super Bowl, karon farko da ɓangarorin biyu suka fito da baƙaƙe. Gaskiya ne an samu sauyi. Sai dai ra'ayin da ƙungiyoyi suka fara jin kunyarsa ya samu masauki a bakin magoya baya, a X da Facebook da sauran dandali, kuma ya koyi sa riga.

Zagi ƙarara kan launin fata yana nan, amma shi mai sauƙin ganewa ne, a kai ƙara a goge. Wanda ya fi yawa gugar zana ce. Farar fata ya jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya, sai ka ga ana cewa yau ba ranarsa ba ce, ko masu tsaronsa sun yi sakaci, ko koci ya tsara shirme. Baƙar fata ya yi irin wannan kuskure, sai a ce ai dama ba ya iya karanta fili, ƙarfi da gudu kawai Allah ya ba shi, bai da natsuwar shugaba. Na farko an soki wasansa na yau. Na biyu an soki halittarsa, an kuma yi wa duk masu kama da shi kuɗin goro. Ko yabo ma haka yake rabuwa: wannan haziƙi ne mai aiki tuƙuru, wancan kuwa baiwa ce, kamar bai taɓa kwana yana nazarin bidiyon abokan karawa ba.

Dubi Lamar Jackson. Ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2016. Gab da zaɓen 2018, Bill Polian, tsohon manajan ƙungiya da ake ji da shi, ya fito ya ce gara yaron ya koma mai cafe ƙwallo, maganar da aka yi wa Briscoe shekara hamsin kafin nan. An ɗauki kwatabak huɗu kafin shi, dukkansu farare, shi kuma sai a lamba ta 32 Baltimore ta ɗauke shi. A wasan farko na kakar 2019 ya yi jifa biyar na ci, suka doke Miami 59 da 10. Da 'yan jarida suka tare shi sai ya mayar da habaicin, ya ce to ai ba laifi ga wanda ake kira mai gudu da ƙwallo kawai. A ƙarshen kakar duk masu jefa ƙuri'a suka zaɓe shi gwarzon gasa, ba wanda ya ware. Ya maimaita lashe kyautar a 2023. Polian ya amsa cewa ya yi kuskure. Amma shiga shafukan sada zumunta duk daren da Baltimore ta sha kashi, za ka tarar da wannan laƙabi yana yawo kamar jiya aka ƙirƙiro shi.

Magoya baya ba daga sama suka tsinto wannan ba, ruwa ba ya tsami banza. A 2003 mai sharhi Rush Limbaugh ya faɗa a tashar ESPN cewa 'yan jarida na zuzuta Donovan McNabb, kwatabak ɗin Philadelphia a lokacin, ne saboda suna ɗokin ganin baƙar fata ya yi nasara. A 2022 Arizona ta ba kwatabak ɗinta Kyler Murray, shi ma baƙar fata, kwantiragin dala miliyan 230.5, ta cusa sharaɗin sai ya yi nazarin bidiyo na awa huɗu a kowane mako shi kaɗai, kamar ɗan firamare da aka ba aikin gida. Surutu ya sa aka cire. Mafi muni, sai a 2021 NFL ta yarda ta daina amfani da wani ma'auni wajen biyan diyyar raunin ƙwaƙwalwa, ma'aunin da ya ɗauka cewa tun asali kaifin basirar baƙar fata bai kai na fari ba. Idan hukuma da likitocinta sun yi lissafi da wannan, me za a ce da mai riƙe da waya yana huce takaicin an ci ƙungiyarsa?

To amma kada a wuce gona da iri. Ba duk wanda ya soki baƙar fata ne mai wariya ba, kuma masu saurin ɗaga wannan tuta suna ɓata hujjar. Watson ɗin da na fara da shi, an dakatar da shi wasa 11 a 2022 bayan mata da dama sun zarge shi da cin zarafi, wasansa kuma ya lalace a Cleveland. Wanda ya tsine masa kan wannan bai yi laifi ba. Jackson ma har yau bai kai Baltimore Super Bowl ba, kuma ya sha yin tuntuɓe a wasannin sili-ɗaya-ƙwale. A faɗi haka, da alƙaluma. Josh Allen na Buffalo, farar fata ne mai yawan gudu da ƙwallo, shi ma bai kai ba, ko da yake wasansa a wannan mataki ya fi na Jackson kyau. Abin lura shi ne inda ake kai zancen. Shi Allen ana jajanta masa rashin sa'ar haɗuwa da Kansas City, ƙungiyar Mahomes. Shi Jackson ana komawa tambayar ko dama can ya cancanci matsayin.

Mu masu cika gidajen kallon ƙwallo mun san ɗanɗanon abin. Ɗan wasan Afirka ya raba ƙwallo mai kyau a Firimiya, mai sharhi ya yabi ƙarfinsa. A Yulin 2021 Bukayo Saka da Marcus Rashford da Jadon Sancho suka zubar da fanareti a wasan ƙarshe na kofin Turai, kafin gari ya waye an cika shafukansu da hotunan biri.

A Fabrairun 2025 Hurts ya rama abin da Mahomes ya yi masa, ƙungiyarsa Philadelphia ta ci Super Bowl 40 da 22, aka ba shi kyautar gwarzon wasa. Sai wajen ƙarfe huɗu na asuba agogon Najeriya aka tashi. Na leƙa waya kafin in kwanta, na tarar an riga an fara rabon ladan: wasu sun ba masu tsaron baya, wasu sun ba Saquon Barkley mai gudu da ƙwallo, wasu sun ce ai turo shi ake yi daga baya ya faɗa gidan ci. Barkley kuwa a daren nan yadi 57 kacal ya yi da ƙwallo, Hurts ya yi 72 da ƙafa, ya ƙara 221 da jifa.