Hodar Maman Yara

Har yau in na gifta teburin mai shayin layinmu sai wani ya ja numfashi ya ce, "Amarya ta wuce." Duk a kan wata 'yar roba da ba ta kai murfin galan ba.

Ina da wani tsohon mashin Honda XL 125 da nake shiga fadamar Argungu da shi lokacin shinkafar rani. Sati biyu yana bar mini ɗigon baƙin mai a zaure, ta ɓangaren hagu. Na canza washar notin juye mai, tunda in an ɗaure ta sau ɗaya ta lotsa, ba ta ƙara riƙewa kamar da. Bai daina ba. Na zaro sandar awo, man bai haura layi ba, balle in ce yawa ne ya sa yake amayo shi ta tiyon numfashi.

Mai shayi kuwa tun ranar farko ya yanke hukunci: "Wanga inji ya buga." Mutumin da ko keke bai taɓa saya ba. Shi ne fa bara ya ce janareton masallaci ya buga, aka kira bakanike tun daga kasuwa, ashe fetur ne ya ƙare. Kuma har gobe akwai canjina a wurinsa, in na yi magana sai ya hau fifita wuta.

Ba a gane yoyo a kan inji mai datti, don iska tana kora man baya, inda ya taru ba nan ne ya fito ba. Sai na wanke injin da kananzir da tsohon buroshi, na bi da ruwan omo, na bar shi a rana ya bushe ƙayau. Dabarar ita ce a barbaɗa hoda, a tayar minti 10, a nemi wuri mafi sama da ya fara jiƙewa. Hoda kuma ɗaya ce a gidan, ta Maman yara, tsarabar Makka, wadda ko ita sai za ta biki take buɗewa.

Na zazzaga kusan rabin gwangwani, na durƙusa ina leƙen ƙasan inji, sai iskar hunturu ta kwaso ta watsa mini. Ni ban san yadda na koma ba. Ina cikin yi wa 'yan majalisa lacca sai ga 'yar autata, da muryar nan tata da ake ji har bakin titi: "Baba, Mama ta ce in ka gama kwalliyar ka ba da hodarta, za ta gidan suna."

Tsit. Maimakon in yi shiru sai na ce, "Ai ba ni ba ne, ta mashin ce." Wani dattijo ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "To madalla. Yaushe za a ɗaura?" Kafin in haɗiye wannan sai ga surukina ya tsaya da sandarsa. Na zube ina gaisuwa, gemu fari fat, gira fara, ina ƙamshi kamar ɗakin amarya. "Ina wuni, Baba." Ya dube ni, ya dubi gwangwanin da ke hannuna, ya sake dubana. "Lafiya lau, Malam. Ita 'yar tawa tana ciki, ko kai ne ke girki yau?" Mai shayi sai da aka riƙe shi kada ya faɗa cikin tukunya.

Amma hoda ta yi aikinta. Gaskit ɗin kan inji a bushe, sil ɗin sandar giya a bushe, baƙin layi daga bayan ƙaramin sifiroket, wato faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa, yake gangarowa. Na kwance murfin, na sa giya, yaro ya taka birkin baya, na cire sifiroket. Zaren kamun kifi ne ya naɗe a sandar da sifiroket ke kai ya yanke leɓen oyil sil, wato 'yar robar da ke hana mai fita ta gefen sandar, ga shi kuma na ja sarƙa ta yi tauri kamar tsirkiya, abin da ke cin sil da boris ke nan. Na ɓanɓaro tsohon da sukundireba ba tare da na karci sandar ba, na karanta lambar jikinsa, 20x34x7, wato faɗin ciki, faɗin waje da kauri. Sabon na shafa masa giris a leɓe, na naɗe haƙoran sandar da salatif kada su yage shi, ɓangaren sifirin ya kalli ciki, na ɗora soket daidai bakinsa na riƙa bugawa kaɗan-kaɗan har ya zauna daidai da bango. Sarƙa na sassauta ta sami wasa kamar yatsu biyu, na cika mai 20W-50 zuwa layi.

Zaure ya bushe. Hodar ce dai na zaga kasuwa ban sami irinta ba, wadda na sayo an ce ta jarirai ce. Mai shayi kuma ya ce mu dai jira, injin yana nan zai buga.