Mai saba a ƙarƙashin tebur

Ban kama suna ba, wanda ya tsargu shi ya san abin da ya taka. Akwai wani gwani a garin nan namu na Gombe da bara yake zagaya ofisoshin masu makarantun kuɗi yana rantsuwa cewa duk wanda bai koma kilawud ba mota ta bar shi a tasha. Bana kuma shi ɗin ne dai yake bin ofisoshin, daga Tumfure zuwa Jekadafari, yana cewa kilawud damfarar Turawa ce, a zo a karɓi keɓaɓɓiyar saba, wato injin da zai ɗauki shafin intanet na makaranta, a hannunsa. Tsakanin bara da bana ba abin da ya sauya a ilimin. Inda kamasho ke fitowa ne ya sauya.

Bari in yi wa iyayenmu masu makarantu bayani, tunda shi ba zai yi ba. Kilawud hayar ƙarfin kwamfuta ce a rumbunan manyan kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, kuma tun 2006 Amazon ke wannan kasuwa. Abin da ka ci shi za ka biya. Aiki ya yi yawa ka ƙara ƙarfi cikin mintuna, ya lafa ka rage. Keɓaɓɓiyar saba kuwa inji ne guda sukutum naka kai kaɗai, kuɗinsa na wata a tsaye yake ko ka yi aiki da shi ko ba ka yi ba. Bambancin shiga motar haya ne da ɗaukar shata: a ta farko kujerun da kake buƙata kake biya, a ta biyu ko kai kaɗai ne a ciki mota duka ka biya. Ko wacce da ranarta.

Sai dai, Alhaji, keɓaɓɓiyar saba ta gaske a cibiyar adana bayanai take zama. Wuri ne mai wuta ta hanya fiye da ɗaya, da janareto da batura masu karɓa kafin ƙiftawar ido, da na'urorin sanyaya ɗaki dare da rana, da layukan intanet na kamfanoni daban-daban, da ma'aikacin da ba ya barci. Akwai irinsu a ƙasar nan: Rack Centre a Ikeja, Equinix (tsohuwar MDXi) a Lekki, Galaxy Backbone a Abuja. Abin da gwanin namu ke kira keɓaɓɓiya, tsohuwar kwamfutar gwanjo ce a ƙarƙashin tebur a bayan shago, da inbata mai batir biyu da fanka 'yar tsaye tana hura mata ƙura. A Gombe fa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura 40. Wallahi ko da wanda ya ƙera injin ne ya zo ya gani, sai ya yi masa jaje.

Kuma duk muna garin nan a Afrilun 2024 da ɓata-gari suka lalata turakun layin wuta na Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a duhu tare da Yola da Jalingo. A Oktoban shekarar ma kusan Arewa gaba ɗaya ta kwana a duhu fiye da mako. Batir biyu awa nawa za su yi? Dizal wa zai saya, kuma cikin kuɗin wa? Ba a rubuta wannan a takardar farashin da ake kai wa Alhaji ba.

Ita makaranta ma aikinta ba na keɓaɓɓiyar saba ba ne tun asali. Shafinta barci yake yi yawancin shekara. Ba ya ganin jama'a sai ranar da aka saki sakamakon zango, sau uku a shekara, sai kuma lokacin rajista. A ranar nan iyaye duka za su danno a sa'a guda, kowa da wayarsa. Irin wannan aiki mai tashi da faɗuwa shi aka yi kilawud dominsa. Na san wata makaranta da shafinta ya sume ranar sakamako tun hantsi, iyaye suka cika bakin ofis, malamai suka koma karanta maki daga takarda. Aka nemi gwani a waya, a kashe. Da ya kunna bayan la'asar sai ya ce matsalar sabis ce. Sabis ɗin da kowa ke kallon TikTok da shi a bakin get ɗin makarantar.

Kada a ɗauka ni ɗan koren kilawud ne. Tana da nata ciwon, kuma babbansa dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 100 a wata bai ƙara ko injin ɗaya ba, amma kuɗinsa a naira ya ninka uku. Ga kuɗin fitar da bayanai da mutane ba sa lura da shi: a Amazon, bayan gigabait 100 na kyauta a wata, kowane gigabait da ya fita ana cajin wajen santi 9 na dala, wasu yankunan ma fiye da haka. Mai ɗora bidiyon karatu ko tafsiri da dubban mutane ke saukewa kullum zai ji a jikinsa. Wanda aikinsa ke tafiya daidai wa daida dare da rana, nauyinsa sananne, keɓaɓɓiyar saba a cibiya ta gaske za ta fi masa sauƙi, musamman in ya sami kamfanin gida mai karɓar naira.

Gwanin ya tsinci labari ɗaya yana yawo da shi, na kamfanin 37signals na Amurka da ya kashe dala miliyan 3.2 a kilawud a 2022 sannan ya fice ya sayi injinansa. Labarin gaskiya ne. Rabinsa kawai yake faɗa. Mutanen nan a cibiyoyin adana bayanai na haya suka ajiye injinan, suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, kuma sun yi shekaru suna auna nauyin aikinsu kafin su yanke shawara. Ba su tura su ƙarƙashin teburin mai hoto da kwafi ba.

Sai zancen da ya fi kama zuciyar dattawa: “Ranka ya daɗe, bayanan 'ya'yanmu a hannun Turawa?” Tambaya ce mai kyau a bakin da bai dace ba. Tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a, kuma nauyin tsare su yana kan wanda ya tattara su, wato mai makaranta. Sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu a shagon da kowane yaron aike ke shiga ya jona cajin waya, wannan ne tsaron? In ajiya a gida ake so, hujja ce mai ƙarfi, mun gani ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gabar Kwaddebuwa, bankuna suka rikice. To a kai Legas ko Abuja, a yi yarjejeniya a rubuce.

Cibiyar gaske ma ba ta fi ƙarfin ƙaddara ba. A Maris na 2021 gobara ta cinye ginin kamfanin OVH guda a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafin bayanansu a wani wuri suka tashi a tutar babu. In haka ta faru da su, ina ga mai fanka? Na ji an tambaye shi inda yake ajiye kwafi, ya bugi ƙirji ya ce kullum yana yi. A ina? A cikin injin nan dai, wani ɓangare na faifan.

Ni dai duk wanda ya shigo ofishinka ya ba ka amsa kafin ya tambaye ka mutum nawa ke shiga shafinka, da wane lokaci, da awa nawa za ka iya jure rufewarsa, da naira ko dala za ka biya, to haja ya zo sayarwa. Alhaji, in ya sake zuwa, ka ce ya kai ka ka ga injin da idonka. Ka ce ya goge fayil ɗaya a gabanka ya dawo da shi daga kwafi. Sannan ka sa a duba maka sunan wa ke kan rajistar adireshin shafin makarantarka, da kuma wa ke riƙe da kalmar sirri. Masu makarantu biyu da na sani sun duba, kuma ba sunansu suka tarar ba.