Fadamar Rima ba maƙwabtaka kaɗai ke tafiyar da ita ba

Wani marubuci ya ce in aka raba ƙasa gida-gida kamar allon dara a kwamfuta, kowane gida yana canza hali gwargwadon maƙwabtansa, za a iya hango ambaliya tun kafin ta iso. Na yarda da rabi. Tunanin ya daɗe, tun shekarun 1940 John von Neumann da Stanislaw Ulam suka faro shi, a 1970 kuma John Conway ya nuna yadda 'yar ƙaramar ƙa'ida ke haifar da abin mamaki: gida mai rai yana ɗorewa in maƙwabtansa masu rai biyu ne ko uku, matacce kuma ya farfaɗo in uku ne cif. Amma a ambaliyar 2010 ina tsaye a bakin gonar shinkafarmu kusa da Sakkwato, ruwa na cinye fangali bayan fangali, alhali sanadin abin yana can nesa a saman kogi, wajen Goronyo. Nan ne jera lissafin hawa-hawa ke da amfani, kuma marubucin ya wuce shi da sauri: gonaki su haɗu su zama gida ɗaya a hawan fadama, fadamu su haɗu a hawan kogi, sannan abin da ya faru a sama ya sauko ya canza ƙa'idar ƙasa. Duk wanda ya kira wannan lissafi wasan yara, ya sake dubawa. Tambayata ita ce, wa zai riƙa auna tsayin ruwa da ruwan sama ƙauye-ƙauye don a ciyar da lissafin?