Kwaɗo a ƙofar ɗakin tsohuwa ba kulawa ba ne

Kaka ta yi, bukukuwan aure sun kankama daga ƙauyukan Ɗambatta har na Birnin Kudu, abin da ke ƙona mini rai kuma ya sake dawowa. Gida ya cika da 'yan biki, ana guɗa ana rabon tuwo, kakar amarya kuwa tana ƙuryar ɗaki an danna mata kwaɗo. Laifinta kawai gigin tsufa. In ka tambaya sai a ce, "Kada Iya ta ba mu kunya a gaban surukai," ko kuma, "Hayaniya ba ta yi mata, gara ta huta."

Wane irin hutu ne wannan? Matar da ta yi rayuwarta duka a tsakar gida mai cike da kishiyoyi da jikoki, yau an bar ta da bango huɗu da kwanon fura. In ta yi ihu ko ta bubbuga ƙofa, sai a ce ciwon ya tashi, alhali kaɗaicin da aka jefa ta ciki ne ya tashe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da wannan larura, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, har yau ba a samo maganin warkar da shi ba, don haka masu cewa sammu ne ko maita su adana turarensu. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin kamuwa da shi, ciki har da hawan jini, raunin ji da kuma rashin cuɗanya da jama'a. Abin da ke taimakawa wajen jawo ciwon, shi muke ɗura wa wanda ya riga ya kamu.

Duk wanda ya yi jinyar irin waɗannan tsofaffi ya san sabon abu ne ke fara gushewa, tsohon yana daɗewa. Baba zai manta ya ci abinci ɗazu, ya kira jikansa da sunan ƙaninsa da ya rasu, amma ja masa baƙi a Sabbi ka ji yadda zai ƙarasa. Iya ba ta san yau wace rana ba ce, amma ajiye mata faifai da gyaɗa a cikin mata, hannunta zai kama ɓara, bakinta ya kama waƙar daka. A Ingila ƙa'idar likitoci ita ce a riƙa haɗa masu ciwon da bai yi tsanani ba a ƙananan rukunai, su yi hira da waƙa da tuna baya, kuma an gwada tsarin a Ibadan. Mu da muke da dandali da zaure da sahun masallaci kyauta, mu ne muke rufe ƙofa.

Ba cewa nake a zaunar da ita kusa da lasifikar makaɗa ba. Taro mai yawa yana rikita su, musamman da almuru. A fito da ita da hantsi, cikin mutum uku ko huɗu da ta saba da su, a ce, "Iya, zo ki taya mu," maimakon a tsare ta da "Kin gane ni?" In ta ƙi, a ƙyale ta, gobe a sake gayyata. In ana tsoron Baba ya ɓace a hanyar masallaci, jika ya riƙe hannunsa.

Masu kiran a gina gidajen tsofaffi irin na Turai su fara gaya mana abin da tsohon zai wuni yana yi a ciki, domin gado da ƙwayar barci ma kwaɗo ne. Najeriya tana da manufar ƙasa kan tsofaffi tun 2021. Gwamnatocin Kano da Jigawa su koya wa ma'aikatan asibitocin mazaɓu yadda za su wayar da kan masu jinya, limamai su ɗauki maganar a huɗuba, masu unguwanni kuma su riƙa tambayar duk gidan da aka daina ganin tsohonsa a ƙofa.