Dandaji ta ajiye tsohon masallacinta, mu muna rushe namu

Makon jiya na ga an ɗora gatari a kan wani masallacin ƙasa a unguwarmu, cikin birnin Katsina, azara da tubali zube a bakin hanya, 'yan kwamiti kuma suna murna wai za a tayar da na bulo da kwano. Da na yi magana sai wani dattijo ya ce, "Malam, ginin ƙasa ai na matsiyata ne." Wannan magana ce ta hana ni sakat.

Irin wannan shawara mutanen Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, suka yanke a kan tsohon masallacinsu, wanda Alhaji Falke Barmu ya gina, maginin nan da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mariam Issoufou ce, mai zanen gine-gine 'yar Nijar, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka sauya musu tunani. Aka nemo maginan gargajiya suka gyara tsohon ginin ya koma ɗakin karatu, aka kuma gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka kammala a 2018.

Masu cewa ƙasa jahilci ce su dubi ko wace ce Mariam. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aikinsa, sannan ta watsar ta koma Jami'ar Washington ta koyi zanen gine-gine, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Gidaje shida na rukunin da ake kira Niamey 2000 a Yamai, da ta yi da abokan aikinta a 2016, su ma da ƙasa aka yi su, domin katanga mai kauri tana tsare zafin rana, abin da kakanninmu suka sani tun kafin a san fanka.

Za a ce damina tana cin ƙasa kuma yaɓe wahala ne. Hasumiyar Gobarau damina nawa ta gani? Gaskiyar ita ce kunyar ƙasa muke ji, shi ya sa muka gwammace mu sayi siminti da tsada mu gina tanda, mu yi sallar Azahar cikin gumi idan an ɗauke wuta.

Ya kamata hukumar tsara birane ta daina barin a rushe irin waɗannan masallatai sai an ji ta bakin Sarkin Magina, makarantunmu na fasaha kuma su nemo tsofaffin masu ɗaurin guga, wato rufin soro na azara mai lanƙwasa, su koyar, tun suna da sauran ƙarfin hawa soro.