Ƙannena Injiniyoyi Ku Zo Taron Reshe, Manyanmu Ku Fito Fili

Duk lokacin da na ce wa matashin injiniya ya riƙa zuwa taron reshen ƙungiyarmu ta injiniyoyi, tambaya ɗaya nake sha: "Yallaɓai, me ake samu a can?" Wasu har su ƙara da cewa ai kuɗin shekara kawai ake karɓa, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya gama hidimar ƙasa yana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, kuɗin adaidaita ma sai ya yi lissafi, dole ya tambayi amfanin duk inda zai sa ƙafa. Sai dai amsar tana da tsawo, kuma rabinta ya shafi manyanmu ne, shi ya sa na ga gara in rubuta ta a nan kowa ya karanta.

Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wato NSE, a Landan aka kafa ta ranar 16 ga Fabrairu 1958, ƙasar ma ba ta samu 'yanci ba tukuna. Waɗanda suka kafa ta matasa ne, wasu sun gama karatu, wasu suna kan yi. Ina so ƙannena su riƙe wannan da kyau, domin sa'anninku ne suka assasa ta, tun ba su da ofis ba su da mota. COREN kuwa, da mutane ke yawan haɗa su wuri ɗaya, hukumar kula da aikin injiniya ce da doka mai lamba 55 ta 1970 ta kafa. Ita ke yi maka rajista, ita ke ba ka hatimi, ita ke da hurumin hukunta ka idan ka yi ha'inci. NSE kuwa gida ce. Hedikwatarta tana Abuja, amma ranta yana rassa, a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato da Bauchi da Maiduguri da sauransu. Injiniyan da ke aiki a ƙaramar hukuma mai nisa yana iya yin shekaru bai leƙa hedikwata ba, amma reshe yana kusa da shi.

Abin da ake samu a reshe shi ne ilimin da jami'a ba ta da lokacin bayarwa. Shekara 5 ka yi kana lissafin nauyin da fila za ta ɗauka, ka yi wata 6 na sanin makamar aiki, watakila rabinsa a zaune a ofis kana jiran oga ya sa hannu a littafinka. Ranar da aka tsayar da kai gaban birkila ɗan shekara 50 da lebura 30 da mai gida mai sauri, ranar za ka san da sauran karatu.

Akwai wata ziyara da reshenmu ya kai wani ginin bene ana shirin zuba dekin, har yau ina kafa misali da ita. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, bai ko kalli zanen da aka shimfiɗa mana ba. Wajen tulin yashi ya nufa. Ya damƙi yashin ya matse, ya buɗe hannu ya nuna wa yaran tafinsa ya yi ja da laka. Ya sa aka kawo gorar ruwa, ya zuba yashi zuwa rabi, ya cika da ruwa, ya jijjiga ya ajiye a inuwa. Kafin mu gama zagaye yashin ya kwanta ƙasa, laka ta yi kauri a samansa, kowa yana gani da idonsa. Ya ce wannan lakar ita ke shiga tsakanin siminti da yashi ta hana su kama juna. Daga nan ya hau saman katakon, ya durƙusa, ya zura yatsa ƙarƙashin rodi, yatsan ya ƙi shiga. Rodin yana kwance a kan katako, ba a sa masa 'yan biskit ɗin da ke ɗaga shi ba. Ya ce in aka zuba kankare haka, rodin zai tashi tsirara ta ƙasa, danshi ya same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren da kansa bayan 'yan shekaru. Sai ya tambayi yaran nauyin rodi mai milimita 12. Aka yi shiru. Ya ce mita ɗaya kilo 0.888 ne, sanda mai mita 12 kusan kilo 10.7 ke nan, don haka duk wanda ke shakkar kayan da aka kawo masa ya ɗora a sikeli kafin ya yi gardama da dila. Duk wannan bai kai awa ɗaya ba. Na ga yaron da ya fita da sakamako mafi daraja yana rubutu a bayan takardar gayyata, hannunsa na rawa don kada wani abu ya wuce shi.

Ka gaya mini a wane aji ake koyar da wannan. Kuma ba a gini kaɗai ba. Ɗan lantarki yana buƙatar ya tsaya kusa da wanda ya taɓa buɗe tiransifoma, ya ga yadda ake gwada mai, ya ga yadda ake binne wayar ƙasa a wuri mai tsandauri. Yanzu da sola ta cika gari, kowa ya zama mai haɗawa, wa zai zaunar da yaranmu ya nuna musu kaurin wayar da ta dace da batir, da dalilin da ya sa siririyar waya ke zafi har ta kama wuta? Wanda aka tura aikin hanya a Borno yana buƙatar wanda ya san firki, baƙar lakar nan da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ya gaya masa abin da take yi wa tushe da kwalta tun bai kashe kuɗin jama'a ba. Mai aikin ruwa ya kamata a kai shi matatar ruwa ta Tamburawa da ke Kano ya bi ruwan tun daga kogi har zuwa famfon turawa. Mutum ɗaya ba zai iya ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi a buɗe masa ba. Takardar reshe tana buɗe su.

Sai maganar rajista, wadda ita ce ta fi damun matasa. Bayan shekara 4 da kammala karatu za ka rubuta rahoton ayyukan da ka yi, ka zauna gaban manya su yi maka tambayoyi. Na ga rahotanni da dama da aka kwafo daga na wani, har da sunan garin da mai rahoton bai taɓa zuwa ba. Tambaya biyu ake yi asiri ya tonu. Da yaron nan yana zuwa taro, da ya samu wanda zai duba masa littafin aikinsa tun shekarar farko, ya ce masa wannan ka rubuta, wannan ka ɗauki hoto, wannan lissafin ka adana. Aikin yi ma, mu faɗi gaskiya, yawanci ta bakin wanda ya san hannunka yake zuwa. Ɗan kwangila da ke neman mai kula masa da wurin aiki ba ya buga talla a jarida, waya yake ɗauka ya kira abokinsa ya ce akwai yaro mai hankali? Wanda ake gani a taro, yana tambaya, yana ɗaukar kujeru, shi ake tunawa.

Yanzu kuma ga manyanmu, Allah ya ƙara girma. Ba zai yiwu mu riƙa cewa yara ba sa zuwa ba alhali abin da muke ajiye musu bai kai kuɗin motarsu ba. A wurare da yawa ƙarfin shekara yana tafiya ne a liyafar cin abinci, da bikin rantsar da shugabanni, da ziyarar ban girma, da kamfen ɗin zaɓe. Waɗannan suna da wurinsu, ban ce a daina ba. Amma idan aka tashi lacca sai a sa ta ranar aiki da hantsi a otal mai tsada, a sa kuɗin shiga da mai neman aiki ba zai iya biya ba, mai gabatarwa ya karanta abin da ya sauke daga intanet, a raba takardar shaida. Tun da aka fara neman shaidar ƙarin horo wajen sabunta lasisi, wasunmu makin halartar horon suke bi, ilimin ko oho. Mutum ya sa hannu a rajista ya fita amsa waya, sai lokacin rabon takarda ya dawo. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai, domin takardar tana cewa ya koyi abin da bai koya ba, kuma gobe hatiminsa zai hau kan zanen da 'ya'yan mutane za su kwana a ƙarƙashinsa.

Ba mu da uzurin cewa ba mu da mutane. Injiniya Mustafa Balarabe Shehu, ɗan Kano, ya shugabanci NSE, kuma a 2023 ya karɓi shugabancin tarayyar ƙungiyoyin injiniyoyi ta duniya baki ɗaya. Injiniya Tasi'u Sa'ad Gidari-Wudil ya riƙe ƙungiyar a 2022 da 2023. A shekarar 2023 ɗin dai Najeriya ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington, wadda ke sa ƙasashe su amince da digirin injiniya na juna. Ƙofar duniya ta buɗe wa yaranmu ke nan, saura abin da za su shiga da shi. A kowane gari akwai dattawan da suka yi aikin madatsun ruwa da masaƙu da layin dogo, suna zaune a gida da ilimi cike da kai, ba wanda ya je ya ce Baba zo ka ba mu labari. Duk wanda ya rasu a cikinsu, da abin da ya sani yake tafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magina. Mu duba gaskiya: gidajen unguwanninmu nawa ne injiniya ya taɓa takawa? Birkila ne da kafinta da mai ɗaurin rodi da mai walda suke gina garuruwanmu. Dokar COREN kanta ta san da su, domin rajistarta hawa 4 ce, har da masu sana'ar hannu. Amma tarukanmu da Turanci ake yi, a ɗakin da birkila ba zai ji daɗin shiga ba. A Agusta 2022 bene ya rufta a titin Beirut a Kano, a tsakiyar kasuwar waya. A Yuli 2024 ginin makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos, rai 22 ya salwanta. Bayan kowane irin wannan sai mu fitar da sanarwa, a kafa kwamiti, a yi shiru. Me zai hana reshe ya je inda magina suke taruwa da safe suna jiran aiki, ko ya gayyaci shugabannin ƙungiyarsu, a zauna a kan benci a yi magana da Hausa? A ce musu buhun siminti ɗaya kwanon sarki biyu ne, in za a yi kwaɓin 1:2:4 yashi kwano 4 ne, tsakuwa kwano 8, ba abin da ido ya ga dama ba. A nuna musu cewa ruwan da lebura ke ƙarawa don kankare ya yi laushin ɗauka, ƙarfin ginin yake ragewa. A gaya musu kankare yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, balle a zafin Maris da Afrilu ko a bushewar hunturu, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, don haka ba a gaggawar cire katakon da ke tallafe da dekin don mai gida na son ɗora wani hawa. A haɗa 'yan dunƙulen gwaji biyu a gabansu, ɗaya da ruwa daidai ɗaya da ruwa da yawa, bayan wata guda a kira su ɗakin gwaji na kwalejin fasaha su ga wanda zai fara fashewa a inji. Maginin da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba, kuma shi zai iya tsayawa ya ce wa mai gida, "Alhaji, wannan ba zai yiwu ba." Mu ma za mu ƙaru. Masu ƙira na Panteka a Kaduna suna haɗa injin niƙa da na casar hatsi da hannunsu, akwai abin da za su koya mana game da ƙarfe da kasuwa, akwai lissafin da za mu sauƙaƙa musu.

Haka maganar madatsun ruwa. Bagauda ta ɓalle a 1988. Alau ta yi ambaliya a 1994, ta sake ɓallewa a Satumba 2024 ruwa ya shanye Maiduguri. Tiga tun 1974 take tsaye. Reshen da ke da madatsa a jiharsa ya kamata duk shekara kafin damina ya nemi izini ya tura tawaga ta duba, ta rubuta abin da ta gani, ta miƙa wa gwamnati, ta kuma shiga rediyo ta yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji. Matasa su ne za su riƙe ma'auni da kyamara a irin wannan fita, kuma babu horon da ya kai shi.

'Yan'uwanmu mata ma a tuna da su wajen tsara lokaci. Ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN, tun 1982 take, kuma a Janairu 2024 Injiniya Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci NSE. Amma taron da ake farawa bayan magariba a ƙare ƙarfe goma na dare, mace mai aure ko budurwar da ke gaban iyayenta ba za ta iya zuwa ba. Safiyar Asabar ba ta hana kowa komai.

Abin da nake roƙon shugabannin rassa bai fi ƙarfinsu ba. Duk wata a fita fili sau ɗaya, ko da mota ɗaya ce. Wanda bai samu aiki ba a yafe masa kuɗin lacca. Kowane babba mai rajista ya ɗauki yara biyu ya riƙa duba littafin aikinsu. Ranar 4 ga Maris, ranar injiniya ta duniya, a yi ta tare da magina da Hausa maimakon otal. Ku kuma ƙannena, ku nemi sakataren reshen garinku ku tambayi ranar taro na gaba, ku je da takalmin aiki da hular kwano da ɗan littafi, in an zo sauran batutuwa ku ɗaga hannu ku ce kuna son a kai ku wurin aiki.