Ƙannena masu tuƙin Uber da DoorDash a Amurka, ku riƙa rubuta malejinku

Assalamu alaikum. Maganar nan taku ce ƙannena da ke neman halal da mota a Amurka, masu ɗaukar fasinja a Uber da Lyft da masu kai abinci a DoorDash. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya fito tun asuba, ya raba dare bisa titi, bayansa na ciwo, amma ka tambaye shi mil nawa motarsa ta yi wa aiki a watan jiya, sai ya hau kame-kame. Kuɗin da ya shigo ya san shi har santi, tunda waya na nuna masa. Tafiyar da motar ta yi kuwa, wadda ita ce za ta sassauta masa haraji, bai rubuta ta ko'ina ba.

Ku fara sanin matsayinku. Waɗannan kamfanoni ba su ɗauke ku ma'aikata ba. Shi ya sa a farkon shekara takardar 1099 ta masu aikin kansu suke aiko muku, ba W-2 ta ma'aikata ba, kuma ko sisi ba su cire muku na haraji ba. A wurin hukumar haraji ta IRS kai mai sana'ar kanka ne, takardar Schedule C za ka cike, kuma akwai harajin masu aikin kansu na kashi 15.3 cikin ɗari da ke jiranka: 12.4 na Social Security (asusun kuɗin tsufa), 2.9 na Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi). Wannan fa kafin a zo kan harajin kuɗin shiga na tarayya, da na jiha idan jiharka na karɓa. Sauƙin abin ɗaya ne: riba ake yi wa haraji, ba duk abin da ya shigo ba. Kuma babban abin da direba ke cirewa kafin a kai ga riba shi ne kuɗin mota.

Hanya biyu doka ta bayar. Ko ka tara rasiɗin komai, mai, juye, taya, birki, inshora, kuɗin bakanike, ka cire kason da ya shafi aiki. Ko kuma ka ɗauki farashin da IRS ke yankewa kowace shekara a kan kowane mil. A 2023 santi 65.5 ne, a 2024 ya koma 67, a 2025 ya kai 70. A 2022 ma da mai ya yi tashin gwauron zabi, tsakiyar shekara aka ɗaga shi daga 58.5 zuwa 62.5. To mu yi lissafi. Wanda ya yi mil 25,000 na aiki a 2025, dala 17,500 ke fita daga abin da za a yi wa haraji. A harajin masu aikin kai kaɗai, wannan ya tsirar masa da sama da dala 2,400, ban da ragin da zai samu a harajin kuɗin shiga. Ku juya wannan kuɗi zuwa naira ko sefa ko sidi, ku ga wata nawa zai riƙe gidan da kuka baro. Shi ne wasunku ke zubarwa saboda ƙyuyar rubutun minti biyu.

Kada wani ya ce shi hanyar rasiɗi zai bi don ya huta da rubuta maleji. Can ma sai ka nuna kashi nawa na tafiyar motar na aiki ne, kashi nawa naka ne, kuma ba abin da zai nuna haka sai maleji.

Abin da ake so a rubuta ba shi da yawa: kwanan wata, inda ka je, dalilin tafiyar, da mil nawa. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun gaban mota tare da biro. Kafin ka kunna manhajar aiki ka dubi malejin ka rubuta lambar, idan ka tashi ka sake rubutawa. Ranar 1 ga Janairu ka ɗauki hoton malejin da waya, ranar 31 ga Disamba ka sake ɗauka. Wanda rubutu ke yi wa nauyi, akwai manhajoji irin MileIQ da Everlance da Stride da ke ƙirga tafiya da kansu, sai dai dole ka riƙa shiga kana ware ta aiki da ta kanka. A ganina littafin ya fi aminci, domin waya na faɗuwa, caji na ƙarewa, amma in ka haɗa biyun ka fi kowa. IRS a littafinta na bayani mai lamba 463 ta yarda da rubutun da ake yi mako-mako. Abin da ba shi da ƙarfi shi ne wanda aka zauna aka tsara a dare ɗaya bayan wasiƙar bincike ta iso.

Mu da muka taso a makarantar allo bai kamata a roƙe mu rubutu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka hana mu ƙosawa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba.

Ba kowace tafiya ke shiga lissafi ba. Zuwa ɗauko fasinja aiki ne, kai shi aiki ne, tafiya daga gidan abinci zuwa ƙofar mai oda aiki ne. Amma zuwa masallacin Juma'a, kai yara makaranta, cefane a shagon 'yan Afirka, tuƙi zuwa wata jiha don suna ko ɗaurin aure, duk naka ne. Haka nan zirga-zirga daga gida zuwa wurin aikin da kake zuwa kullum, doka ba ta ƙirga ta. Kuɗin fakin da na gada da ka biya a bakin aiki ana cire su daban, ƙari a kan farashin mil, don haka ku adana shaidarsu. Tarar da ɗan sanda ya rubuta maka kuwa, daga aljihunka.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. Watan Maris ya yi, yaro ya shiga ofishin mai cike haraji da wayarsa kawai. Aka ce mil nawa ka yi, ya ɗaga kai sama ya ce a sa dubu hamsin. Wani mai cikewar ma shi ke zuga shi, ya ce bari in ƙara maka, ba wanda zai duba. A takardar Schedule C akwai tambaya ƙarara: kana da shaidar wannan lissafi? Ta biyu na biye da ita: a rubuce take? Aka danna e, aka danna e, kai kuma ka sa hannu a ƙarƙashin rantsuwa cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Ranar da bincike ya zo, mai cikewar ba ya wurin, kai za a tsare. Za a iya soke abin da ka cire, ka biya harajin da kuɗin ruwa, a ɗora maka tarar kashi 20 cikin ɗari na harajin da ka rage. Ramin ƙarya ƙurarre ne: rasiɗin juyen mai na ɗauke da malejin motar na ranar, kamfanin da kake yi wa tuƙi na da nasa lissafin, kuma motar da duk tafiyarta ta shekara ba ta kai mil dubu talatin ba, ba za ta yi wa aiki dubu hamsin ba. Duk mai cike haraji da ya karɓi kuɗinka amma ya ƙi sa sunansa da lambarsa ta PTIN, wadda IRS ke ba masu cike haraji, a takardar, ka tashi ka bar masa ofishinsa.

Ko da ba a kama ka ba, ƙaryar na cinka ta wani gefen da yawancinku ba sa hangowa. Ranar da za ka nemi kawo matarka ko mahaifiyarka, takardar ɗaukar nauyi ta I-864 za ta nemi harajinka na shekarar da ta wuce, kuma galibi ana son samunka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. Kai da ka kumbura maleji har ka nuna ribarka ba ta taka kara ta karya ba, da wace takarda za ka ce kana iya riƙe iyali? Bankin da za ka je neman rancen gida shi ma ribar da ka rubuta zai duba. Kuɗin tsufa na Social Security a kan abin da ka bayyana ake gina shi. Kuma takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya a kan haraji. Ina roƙon ku don Allah, kada ku sayar da wannan duka saboda rarar 'yan ɗaruruwa.

Abu biyu a gurguje. Idan motar taka ce kuma kana son farashin mil, ka zaɓe shi a shekarar farko da ka sa ta aiki, domin in ka fara da hanyar rasiɗi, ƙofar ta rufe ga wannan motar. Ku kuma masu kai abinci da keke ko babur a New York, farashin mil na mota ne, bai shafe ku ba, rasiɗin batir da gyara da taya za ku tara.

Wanda shekara ta riga ta yi masa nisa bai rubuta komai ba, kada ya ƙirƙira. Ya sauke tarihin tafiye-tafiyensa daga manhajar kamfanin, ya tattaro rasiɗan gareji masu ɗauke da maleji, ya duba tarihin wurare a Google Maps idan a kunne yake, ya haɗa abin da zai iya tsayawa a kai, sannan daga gobe ya fara littafi. Bayan an miƙa haraji kuma kada a yar da littafin, a ajiye shi aƙalla shekara 3. Allah ya tsare ku a kan hanya, ya sa albarka a nemanku.